A Sa Naƙasassun Waca Da Masu Jinyarsu A Kasafi Tun Wata Annoba Ba Ta Zo Ba

Ranar 17 ga Maris 2020 shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, ya yi wa 'yan Nijar jawabi a kan cutar korona. Aka ba da umarnin rufe iyakoki, da filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, da makarantu, aka kuma hana taron da ya wuce mutum 50. Ranar 19 ga watan aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu. Ba a jima ba aka rufe masallatai, har ta kai matasa sun yi bore a Mirya, kuma ba a sake buɗe su ba sai ranar 13 ga Mayu, azumi ya riga ya wuce rabi. Iyakar Najeriya kuwa dama a rufe take tun Agustan 2019 daga ɓangarensu, korona ta zo ta rufe ta daga namu ɓangaren.

A ƙasar Waca, da Magarya da Dungas baki ɗaya, a nan jihar Damagaram, ba wanda bai ji a jikinsa ba. Mai lambu a kwarin Korama ya ga kayansa sun yi kwantai, ɗan ci rani ya maƙale a Kano cikin dokar kulle, almajirai suka yi ta kwararowa gida daga Najeriya, kowane da bakin da za a ciyar. Amma akwai waɗanda abin ya fi ci, kuma a kansu aka fi yin shiru: makafi, guragu, kurame, kutare, masu farfaɗiya, masu taɓin hankali, tsofaffin da ɓarin jikinsu ya shanye, da yaran da zazzaɓi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. A bayansu kuma akwai wasu mutanen da ko suna ba su da shi a takardun agaji, wato masu jinyarsu a cikin gida. Don waɗannan biyun nake wannan rubutu, kuma abin da nake nema a fili yake: a ware musu kuɗi a kasafi, na lokacin annoba da na zaman lafiya, a yi shi yanzu.

Ba kowane mai naƙasa ne mabaraci ba, kuma zalunci ne a ɗauka haka. Akwai guragu maɗinka da masu gyaran keke da waya, akwai makafi masu tufka igiya da mahaddata masu koyar da yara, akwai kurame manoma da ba a fin su aiki a gona. Sai dai wanda naƙasarsa ta yi tsanani, ko tsufa ya haɗu masa da ita, ba shi da fansho, ba shi da albashi. Abincinsa yana fitowa ne daga ƙofar masallacin Juma'a, da gidan suna ko ɗaurin aure, da kasuwa, da ɗan abin da wani ɗan'uwa zai aiko daga Kano ko Legas. A makonni kaɗan na 2020 duk waɗannan suka tsuke lokaci ɗaya. Gaskiya ne a ƙauyuka ba ko'ina aka bi dokar sau da ƙafa ba, amma ko inda aka ci gaba da salla cikin jam'i, mai bayarwar shi ma aljihunsa ya bushe. “Allah ya ba mu haƙuri” ita ce amsar da mai bara ya fi ji a shekarar.

Ban ce matakan kuskure ne ba. A lokacin ba wanda ya san yadda cutar za ta yi da mu, kuma a wasu ƙasashe ta yi wa naƙasassu ɓarna mai ban tsoro: ofishin ƙididdiga na Ingila ya gano cewa cikin kowane mutum goma da korona ta kashe can daga Janairu zuwa Nuwamban 2020, shida masu naƙasa ne. A Nijar Allah ya sauƙaƙa, waɗanda aka tabbatar sun kamu ba su kai 10,000 ba, mamata ɗari uku da 'yan kai. Abin da ya fi cutar da naƙasassunmu shi ne an tsara kariya da agaji kamar babu su a ƙasar.

Dubi saƙonnin da aka yi ta yaɗawa. An ce a ba da tazara. Makaho yana riƙe da kan sanda, ɗan jagoransa yana riƙe da ɗaya kan, ina tazara? Wadda ake ɗagawa a zaunar, a yi mata wanka, a kai ta bayan gida, wa zai yi nesa da ita ta rayu? An ce a yawaita wanke hannu, aka kakkafa bokitai masu tsayi, wasu ma da ƙafa ake taka su ruwa ya zubo. Gurgun da ke rarrafe, hannunsa shi ne ƙafarsa, shi ya fi kowa taɓa ƙasa, shi ne kuma bai isa bokitin ba. Faɗakarwa ta bi ta rediyo, kurma bai ji ba. Ta bi ta takardun bango, da yawa da Faransanci, makaho bai gani ba. Takunkumin fuska ya rufe leɓɓan da kurma ke karantawa. Ba mugunta ce ta jawo haka ba. Ba a zauna da su ba ne lokacin da ake tsarawa, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Agajin ma haka ya kasance. Ranar 27 ga Maris gwamnati ta sanar cewa ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da na ruwa na watannin Afrilu da Mayu. Mutanen birni sun ji daɗi, amma gida nawa ne a ƙauyukan Waca ke da mitar wuta ko ta famfo? An ƙara yawan hatsin da ake sayarwa da rahusa da wanda ake rabawa kyauta. Daga baya, ta hanyar shirin tallafin marasa galihu da Bankin Duniya ke dafa wa, wanda ake kira Wadata Talaka, an ba dubban gidaje jika 45 na sefa kowanne, sau ɗaya. Duka abin a yaba ne. Matsalar tana wajen yadda ake isa gare su. Hatsin rahusa sai mai kuɗi a hannu, sai kuma mai ƙafar zuwa ya tsaya layi cikin rana. Aikin da ake biya don gyaran ƙasa, haƙar ramukan rabin wata da dashen itace, na masu ƙarfin riƙe diga ne. Rabon kuɗi kuma gida ake ƙirgawa, ba mutum ba. Gidan da ke da majinyaci kwance shekara biyar da gidan da kowa ke tafiya da ƙafarsa, matuƙar talaucinsu ya yi kama, abu ɗaya za a ba su. Wanda ba shi da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, kuma naƙasassu da yawa ba su da su domin ba a taɓa kai su makaranta ko wani ofis ba, sau da yawa labarinsa yakan ƙare da “ba a rubuta mu ba”.

Yanzu mu shiga cikin gida, domin can ainihin maganar take.

Ɗauki yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau wa kai yana ƙarami, ya rayu amma ba ya zama da kansa, ba ya magana, ba ya riƙe fitsari. Uwarsa ce ke ba shi koko da cokali, a hankali don kada ya ƙware. Ita ke wanke shimfiɗa safe da yamma, don haka ruwan da gidan ke ja daga rijiya ya ninka, sabulu ya ninka. Ita ke goya shi har ya yi mata nauyi, ƙafafunsa na dukan cinyarta. Da damina ba ta zuwa gona yadda sa'o'inta ke zuwa, ba ta ƙwadago, ba ta cin kasuwa, ko gaisuwar mutuwa sai ta sami wanda zai zauna da shi. Ko ka ɗauki dattijon da hawan jini ya kayar. Dole a riƙa juya shi kowane 'yan sa'o'i, dare da rana, in ba haka ba bayansa da ƙugunsa su yi gyambo, gyambon ya ruɓe, shi ne ma yakan yi ajalinsa ba ciwon farko ba. Wa ke juya shi? Matarsa, wadda ita ma ta tsufa, ko surukarsa, ko wata jika da aka cire daga makaranta. Ranar da za a kai shi gidan likita, kabu-kabu ɗaya bai isa ba sai da mai riƙe shi a baya, ko a nemi amalanke a bi yashi. Mai farfaɗiya kuwa maganinsa ba tsada gare shi ba, amma in ya yanke na 'yan kwanaki ciwon na iya dawowa da ƙarfi, kuma a gidajenmu murhu a ƙasa yake, rijiya a buɗe.

Wannan aiki ne. A ƙasashe da yawa sana'a ce da ake koya, ake biyan albashi a kanta. A wurinmu mata da 'yan mata ne ke yin kusan dukansa, kyauta, shekara da shekaru, kuma in ka tambaye su sai su ce “sai haƙuri, lada muke nema”. Allah ya ba su ladan. Amma lada ba ta hana mu tambayar abin da ke faruwa ranar da mai jinyar ta kwanta. A lokacin annoba wannan ce tambaya mafi girma, kuma ban ga inda aka tanadi amsarta ba. In aka killace uwa, ko amai da gudawa ya kayar da ita, wanda take ɗauke da shi ba zai iya ɗebo wa kansa ruwa ba. Ciwon mutum ɗaya ya zama ajalin mutum biyu.

Wani zai ce korona ta wuce, me ya kawo tonon tsohon zance? Wanda ya san yankin nan ba zai faɗi haka ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a Magarya tun 2005, kuma a Satumban 2018 ta sanar cewa kimanin yara goma ke mutuwa kullum a sashen yara na asibitin garin, akasari saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. A shekarar nan ta 2018 an sami yaran da shan inna ya kama a gundumar lafiya ta Magarya. A 2021 amai da gudawa ya ratsa jihar Damagaram. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar, 18 suka rasu, kuma 342 daga cikin waɗanda suka kamu a gundumar Dungas suke. A 2023 mashaƙo ya ɓulla a Matamai. Wuri ne mai cunkoson jama'a, mai bakin iyaka, ana shiga ana fita ta Tinkim da Maigatari ba dare ba rana. Annoba a nan ba baƙuwa ba ce.

Kuma kowace in ta tafi takan bar mana sababbin naƙasassu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tsira daga sanƙarau mai tsanani, ɗaya yakan rage da wata illa mai ɗorewa: kurumta, farfaɗiya, raunin gaɓoɓi ko na tunani. Lokacin da cutar ke ci, motoci sukan zo, a kafa rumfuna, a yi allurar rigakafi, a ƙirga waɗanda suka kamu da waɗanda suka mutu. Da ta lafa sai a naɗe rumfuna. Yarinyar da aka rubuta cikin waɗanda suka warke ta koma gida ba ta ji, kuma daga ranar nan babu kasafin da ya san da ita. Wannan shi ya fi ci mini rai. Muna kashe kuɗi mu ceto rai, abin da ya wajaba mu yi, sa'an nan mu miƙa wa uwa ɗaya sauran nauyin har ƙarshen rayuwarta.

Ba doka muka rasa ba. Tun ranar 2 ga Maris 1993 Nijar take da doka a kan kare naƙasassu, aka gyara ta a 2010, aka tanadi kashi 5 cikin 100 na guraben aiki dominsu, aka kuma yafe musu kuɗin kwanciya a asibitocin gwamnati. A 1999 an kafa asusun ƙasa na tallafa musu. A watan Yunin 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda sashenta na 11 ya wajabta kare su a lokacin bala'i, na 19 ya ambaci taimakon da ake kai wa mutum har cikin gidansa, na 28 kuma ya yi maganar tallafin rayuwa. Ranar 10 ga Disamba 2019, wata uku kacal kafin korona ta shigo, aka sa hannu a kan sabuwar doka mai lamba 2019-62. Akwai haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, FNPH, akwai ranar 31 ga Yuli da ake bikinsu kowace shekara. Amma yafe kuɗin asibiti yana amfanar wanda ya iya isa asibitin ne, guraben aiki kuma na wanda ya yi boko ne. Mafi yawan waɗanda nake magana a kansu ba su fita daga zauren gidansu. In haƙƙinsu bai bi su har ɗaki ba, bai same su ba.

Kada wani ya ɗauka biyan mai jinya baƙon abu ne da aka kwaso daga Turai. Malaman tarihi sun rawaito cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga Dimashƙa tsakanin 705 da 715, ya ba kowane makaho ɗan jagora, ya ba kowane gurgu mai yi masa hidima, ya yanka wa kutare abin masarufi daga baitulmali, sa'an nan ya hana su bara. A lura da jerin: sai da ya ba da, kana ya hana. Mu kuwa mukan fara da hanawa. A watan Maris 2022 an kwaso ɗaruruwan 'yan Nijar masu bara daga Dakar, akasarinsu 'yan Kance da Magarya, ƙasa duka ta ji kunya, aka yi ta kiran a kashe bara. Yawancin waɗancan lafiyarsu ƙalau, talauci da wasu dillalai ne suka kai su. Amma duk sa'ad da aka ɗaga sanda a kan bara, makaho da gurgun da ba su da wata hanya su take fara sauka a kai.

Ba ma sai mun koma Dimashƙa ba. Maƙwabtanmu na Jigawa, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su a Babura da Maigatari, sun fara biyan naƙasassu naira 7,000 kowane wata a 2007, zamanin gwamna Sule Lamido, mutum 150 a kowace ƙaramar hukuma cikin 27. Adadin bai isa ba, faɗuwar naira kuma ta cinye darajar kuɗin, amma sun nuna cewa hukumar talakawa Hausawa manoma irinmu tana iya ɗaukar wannan a kasafinta. Kenya tana ba gidan da ke jinyar mai naƙasa mai tsanani kuɗi kowane wata. Gana tana ware wa naƙasassu wani kaso daga kuɗin da gwamnatin tsakiya ke aika wa ƙananan hukumomi. Afirka ta Kudu, da yake tana da sunayen mutanenta a rubuce tun da, da korona ta zo sai kawai ta ƙara rand 250 a kan abin da kowane mai naƙasa ke karɓa, daga Mayu zuwa Oktoban 2020. A Amurka ma, duk arzikinta, rabon farko na kuɗin agajin korona a 2020 ya tsallake manyan naƙasassu da ke ƙarƙashin kulawar iyalansu, sai da ƙungiyoyinsu suka yi ta matsa wa majalisa kafin dokar Maris 2021 ta sa su ciki, ta kuma ƙara kuɗin jinyar gida. Ko can ba a ba su don tausayi ba, sai da suka nema da baki ɗaya.

Abin da Afirka ta Kudu ta yi shi ne darasin da ya fi kusa da mu: wanda ke da rajista kafin bala'i, cikin mako guda yake kai agaji. Wanda ba shi da ita kuwa, sai annoba ta ci rabinta yana neman sunaye.

To nawa ne kuɗin? Ƙidayar 2012 ta sami masu naƙasa 715,497 a Nijar, kashi 4.2 cikin 100 na jama'a, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin a duniya abin ya kai kashi 16, wato namu lissafin ya yi ƙasa. Magarya da Dungas a haɗe sun haura mutum 900,000 a ƙidayar. In muka bi kashi 4.2 ɗin, naƙasassun yankin sun kusa 40,000 tun a lokacin. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, ɗaya cikin goma ne ba ya iya ci ko wanka ko fita bayan gida sai da wani. Mutum 4,000 ke nan. A ba mai jinyar kowane jika 10 a wata, abin da shirin tallafin marasa galihu ya fara biyan gidaje da shi a 2011 kafin a kai shi jika 15. A shekara ya kama miliyan 480 na sefa. Shirin yaƙi da korona da gwamnati ta fara gabatarwa a 2020 na biliyan 597 ne. Abin da nake magana bai kai kashi ɗaya cikin dubu na wannan ba. Jama'a sun ƙaru tun 2012, don haka a ninka lissafin ma in an so, har yanzu ba abin da zai karya ƙasa ba ne. Jika goma ba albashi ba ce. Amma tana sayen sabulu da ledar shimfiɗa, ta biya maganin wata, ta ɗauki ɗan ƙwadago ya nome wa uwar gonarta, ko ta sa a bar yarinya ta koma aji.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, kuma ba na raina shi: in aka fara biyan 'ya don ta yi jinyar uwarta, zumunci ya mutu. Ni abin da nake gani akasin haka ne. Abin da ke kashe zumunci shi ne gajiya da babu. Ita ke sa miji ya saki matar da ta haifi yaro mai naƙasa, ita ke sa a ɗaure mai taɓin hankali a turu don kowa ya tafi gona, ita ke sa a tura makaho birni da ƙaramin yaro. Iyali ba su ƙi nasu ba, ƙarfinsu ne ke ƙarewa. Wasu kuma za su ce kuɗin zai zurare a hanya, ko a cika takarda da sunayen 'yan'uwan masu rabo. Wannan tsoro ne na gaskiya, maganinsa kuma shi ne a yi komai a bainar jama'a. Mai gari da liman da ma'aikacin lafiya su zauna tare da sarkin makafi da na guragu da na kutare inda akwai su, a rubuta, a karanta sunaye a dandali kowa na ji. Sai a kula da abu ɗaya: waɗannan sarakuna sun fi sanin mazan da ke fita. Matan da ke cikin gida, da ƙananan yara, da masu taɓin hankali, sai an sa ungozoma da shugabannin mata sun shiga ɗaki ɗaki, domin akwai gidajen da ke ɓoye nasu saboda kunya. Kuɗin kuma ya tafi kai tsaye hannun mai jinya, ta waya ko ta kamfanonin aika kuɗi da kowa ya saba da su, ba ta hannun mai gida ko wani wakili ba.

Masu shiga gida gida ma muna da su. Kowace damina, daga Yuli zuwa Oktoba, 'yan sa kai na lafiya suna bin ƙofa ƙofa suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓi, haka ma lokacin allurar shan inna. Sun san kowane lungu. A ƙara musu horo kaɗan da ɗan alawus, su riƙa leƙa majinyatan da ke kwance sau ɗaya a wata: su duba gyambo, su nuna yadda ake juya mutum da motsa masa gaɓoɓi, su kawo maganin farfaɗiya da na hawan jini kafin ya yanke, su tura wanda ya kamata zuwa Magarya ko Damagaram. Su kuma rubuta, ga kowane majinyaci, sunan mutum na biyu da zai karɓi jinya in ta farko ta kwanta. Duk yaron da aka sallama bayan sanƙarau a gwada jinsa kafin ya bar gidan likita, a sake dubawa bayan 'yan makonni. Ranar da wata annoba ta ɓulla, wannan rajistar ita za a ɗauka: a kai musu hatsi da sabulu har gida, a fara da su da masu jinyarsu wajen allura, a ninka musu kuɗin wata har a fita.

Saura inda kuɗin zai fito. Abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya koya mana cewa tallafin waje yana iya tsayawa dare ɗaya, don haka abincin gurgu bai kamata ya rataya a wuyan baƙo ba. Masu ba da agaji su taimaka, muna godiya, amma gindin abin ya zama namu: layi na musamman a kasafin ƙasa, a zuba wa asusun 1999 kuɗi na gaske ya sauko har ƙananan hukumomi, kowace ƙaramar hukuma kuma ta yanke wani kaso daga harajin kasuwanninta. 'Yan Nijar sun nuna a asusun ceton ƙasa da aka kafa a Oktoban 2023 cewa suna iya tara kuɗi da kansu in sun yarda da dalili. Ga kuma zakka. Ya ku malamanmu, Allah ya gafarta muku, kun fi ni sanin cewa damin gero ɗaya cikin goma haƙƙin matalauta ne, ba kyautar manomi ba. In kowane gari ya tara wani ɓangare na zakkar kaka a rumbu ɗaya, a hannun amintattu, da sunan waɗanda ba su iya fita nema, gidajen nan za su ƙetare watannin bazara da tsakiyar damina ba tare da sun tura kowa titi ba. Huɗuba ɗaya a kan haƙƙin mai jinya za ta kai inda takardar gwamnati ba ta kai ba.

Ku kuma masu naƙasa da iyayensu, kada ku jira a tuna da ku. Ku je ofishin magajin gari a ƙungiyance, ko zaɓaɓɓe ne a kujerar ko wanda aka naɗa riƙo, ku tafi da mata masu jinya su yi magana da bakinsu. Ku tambayi nawa aka ware muku bana, nawa aka kashe bara, a nuna muku a rubuce. Ku nemi a yi wa marasa takardar haihuwa takarda a zaman alƙali na ƙauye, ku nemi kujera a kwamitin da ke tsara rabon agaji da na yaƙi da annoba. A ƙarshen shekara ake tsara kasafin ƙananan hukumomi, sanƙarau kuma da hunturu yakan fara ya kai har zafin bazara. In masu gari da ma'aikatan lafiya na Waca suka fara rubuta sunaye da kaka, lokacin da kowa ke gida kuma hatsi na hannu, za a gama kafin a zauna kasafi.